Tsatsa a Jikin Tsohuwar Mota Mai Ɗaki: Inda Take Fakewa da Yadda Ake Tsayar da Ita

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani jinsin mota wanda ba a cika ganinsa a titunanmu ba, watau mota mai ɗaki, wadda aka gyara bayanta aka sa gado da murhu da tankin ruwa da 'yan akwatunan ajiye tufafi da kwanuka, domin mai ita ya ɗauki iyalinsa lokacin hutu ya nufi bakin teku ko gindin duwatsu, duk inda dare ya riske shi nan ne masaukinsa. Dattawan Agadas da Damagaram da Kano ba za su rasa tuna irinta ba, gama tun daga wajen 1970 har zuwa farkon shekarun 1990 ayarin samarin Jamus da Faransa da Ingila ba ya yankewa a kan hanyar Hamada, suna tasowa daga bakin tekun Aljeriya su bi ta In Salah da Tamanrasset, su shigo Nijar ta Assamaka, su sauka Arlit da Agadas, waɗansu su zarce har sansanin baƙi da ke kan titin Bompai a Kano, cikin Volkswagen Kombi da Land Rover da tsofaffin manyan motocin soja ƙirar Bedford. Yaƙin basasar Aljeriya da tashin hankalin da aka yi a arewacin Nijar su suka tsinke wannan hanya. Amma motocin, da yawansu suna nan a hannun masu sha'awarsu, waɗansu sun haura shekara 40, waɗansu 50, kuma duk wanda ya riƙi ɗaya daga cikinsu ya san cewa inji, kome tsufansa, ana sauke shi a ɗora wani, giya ana sāke ta, taya ana saye, alhali kuwa idan tsatsa ta cinye ƙarfen da dukan waɗannan abubuwa suke ɗaure a jikinsa, to, babu sauran mota.

Ya kamata mu fara da sanin ita kanta tsatsar, domin wanda bai san sababin cuta ba, maganin da zai yi sai dai na kame-kame. Ƙarfe ba ya samuwa tsantsa a cikin ƙasa; tama ake haƙowa, wadda take ƙarfe ne haɗe da iskar oksijin, sa'an nan a narka ta da wuta mai tsanani har a raba su, kamar yadda maƙeranmu na dā suka riƙa yi tun kafin zuwan Turawa. Tun daga ranar da aka raba su kuwa ƙarfen yake neman komawa ga asalinsa, ba ya kuma bukatar kome domin wannan komawa face iska da ruwa. Idan ɗigon ruwa ya zauna a kan ƙarfen da babu fenti, sai wani ɗan ƙaramin lantarki ya riƙa gudana tsakanin wani sashe na ƙarfen da wani, sashe ɗaya yana narkewa cikin ruwan, abin da ya narke yana haɗuwa da iska yana zama jan garin nan da kowa ya sani. Alminiyam ma yana haɗuwa da iska, amma ɓawon da yake yi siriri ne mai tauri wanda yake toshe hanya ya tsare abin da ke ƙarƙashinsa. Tsatsar ƙarfe kuwa sako-sako ce, tana shan ruwa tana riƙewa, tana kuma kumbura ta ninka girman ƙarfen da ta ci sau da yawa, shi ya sa take ɗaga fenti, take ɓamɓare walda, take buɗe wa kanta sabuwar ƙofa kullum. Masana sun tabbatar cewa matuƙar danshin iska bai kai kimanin kashi 60 cikin 100 ba, ƙarfe mai tsabta ba ya tsatsa sai kaɗan ƙwarai, kuma wannan ita ce hikimar da ta sa Amurkawa suke jibge tsofaffin jiragen samansu a hamadar Arizona, ita ce kuma ta sa motar da ta yi zamanta a Agadas, inda ruwan shekara ba ya kai milimita 200, takan tsufa da jikinta garau.

Gishiri shi ne babban mataimakin tsatsa, saboda yana sauƙaƙa wa lantarkin nan gudana cikin ruwa, yana kuma jawo laima daga iska ko da ba a yi ruwan sama ba. A ƙasashen sanyi hukumomi sukan watsa gishiri a kan tituna da hunturu domin ya narkar da ƙanƙara, har Amurka kaɗai takan zuba kimanin tan miliyan 20 a shekara. Taya ta kwashi wannan ruwan gishiri ta fesa shi cikin kowane lungu na ƙarƙashin mota, ya gauraya da laka ya kwanta, laka ta riƙe shi har bazara. Wata ƙungiyar masana lalacewar ƙarafa mai suna NACE ta ƙiyasta a 2016 cewa hasarar da duniya take yi ta wannan hanya, a motoci da gadoji da bututu da jiragen ruwa, ta kai dala tiriliyan 2.5 a shekara, watau kashi 3.4 cikin 100 na dukan abin da duniya take samarwa.

To, duk wannan ya shafi kowace irin mota. Abin da ya keɓanci mota mai ɗaki, wanda kuma a ganina shi ne asalin mas'alar, shi ne ruwa yana zo mata ta fuska biyu, ta waje da ta ciki, domin mutane suna zaune a cikinta. Mutum biyu da suka kwana a ɗaki rufe sukan fitar da fiye da rabin lita na ruwa ta numfashi da gumi kafin asuba. Kowane kilo ɗaya na iskar gas da aka ƙona a murhu yana haifar da kimanin kilo 1.6 na tururi, ban da wanda tukunya da buta suke fitarwa. A ƙara da jiƙaƙƙen tawul da takalma. Wannan tururi duka yana ratsa bayan katakon da aka yi wa ɗakin ado da shi, ya tarar da ƙarfen bango yana da sanyi, ya zama raɓa, ya gangara ƙasa ya taru a inda bango ya haɗu da daɓe. Masu ƙera ɗakunan nan a shekarun 1970 da 1980 sun kasance suna cusa audugar gilashi tsakanin katako da ƙarfe domin tsare sanyi, ita kuwa idan ta jiƙe takan yi makonni ba ta bushe ba. Sa'an nan kowace taga da aka yanka, kowace kafar shan iska a rufi, kowane ramin da aka huda domin bututun ruwa ko wayar lantarki, an bar bakin ƙarfe tsirara an danƙa amanarsa ga roba da danƙo, su kuwa rana tana busar da su su tsage. Abu na ƙarshe, irin wannan mota ba ta aiki sai 'yan makonni a shekara, sauran watannin tana tsaye a kan ciyawa, an lulluɓe ta da tamfol wanda iska ba ta ratsa shi.

Babu motar da ta fi bayyana wannan hali kamar Volkswagen Kombi. Wani dillalin motoci ɗan ƙasar Holan mai suna Ben Pon shi ya fara zana siffarta a 1947, aka soma ƙera ta a Wolfsburg a watan Maris na 1950, kamfanin Westfalia kuma ya shiga mayar da ita ɗaki tun 1951. An yi zubi na biyu daga 1967 zuwa 1979, na uku ya biyo baya daga 1979, Brazil kuwa ba ta daina ƙera tsohuwar siffar ba sai a watan Disamba na 2013. Mu ma mun san ta, gama an haɗa ta a Ikko, ita ce kuma asalin motar hayar da ake kira danfo. Ƙirarta ta kasance jiki da gindi a haɗe suke da walda, ba a raba su, saboda haka falankin da idonka yake gani shi ne kuma yake ɗauke da nauyi. Masu gyaranta a Jamus da Ingila sun haddace maɓoyar tsatsarta: dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi, da wurin kafa jak, da ƙananan hannuwan da suke tallafe daɓe, da bakin rumfar taya, da ƙasan gilashin gaba inda ruwa yake kwanciya a bayan roba, da mazaunin batir, da magudanar ruwan da ta kewaye rufi. A zubi na uku kuwa cutar tana fitowa ne ta layukan da falanki ya haɗu da falanki, musamman dogon layin da ke bayan murhu da firji, wanda mai mota ba ya ganin cikinsa sai ya kwance ɗakin girkin baki ɗaya. Duk lokacin da ka ga ɗan jan layi ya ɓullo a nan ta waje, ka tabbata ya daɗe yana ci ta ciki.

Ban da mai jiki da gindi a haɗe irin Kombi, ɗaya jinsin shi ne wanda aka ɗora ɗaki a kan gindi mai zaman kansa, watau dogayen ƙarafa biyu da aka haɗa da gicce-gicce, wanda kanikawa suke kira shasi. Cikin wannan akwai akori-kura irin su Toyota Hilux da ake ɗora wa ɗaki a baya, da Land Rover, da Mercedes 911 ɗin nan mai gajeren hanci wadda direbobinmu suka sani sarai, wadda a Jamus masu yawon duniya sukan sayi tsofaffinta daga hannun 'yan kwana-kwana su gina mata ɗaki. Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a 1948 lokacin da ƙarfe ya yi ƙaranci a Ingila bayan yaƙi, jikinta alminiyam ne, shi ya sa takan ruɗi mai saye: jiki yana sheƙi, alhali shasin da bangon da ke tsakanin direba da inji, waɗanda na ƙarfe ne, sun ruɓe, kuma duk inda alminiyam ya taɓa ƙarfe da ruwa a tsakaninsu sai ka ga farin gari yana zuba. Shasin da aka yi shi kamar akwati rufaffe ya fi haɗari, domin laka tana shiga ta ramuka ba ta fita. A manyan motoci kuma, inda aka lunka ƙarfe biyu domin ƙarin ƙarfi, tsatsa takan kumbura a tsakaninsu har ta lanƙwasa su ta tsinke ƙusoshi. Kada a ɗauka wannan aibin tsofaffin ƙira ne kaɗai: a 2008 kamfanin Toyota ya sanar zai sake sayen akori-kurarsa Tacoma ƙirar 1995 zuwa 2000 waɗanda shasinsu ya huje, a kan farashinsu da ƙarin rabi, a 2016 kuma ya amince da sulhun da aka ƙiyasta ya kai dala biliyan 3.4 kan motoci kimanin miliyan 1.5 a Amurka, duk a kan tsatsar shasi.

Aikin gyara yana farawa da bincike, binciken kuwa ba na tsaye daga nesa ba ne. A wanke ƙarƙashin motar da ruwa mai ƙarfi, a bari ta bushe, a ɗaga ta a kan rami ko a kan matokarai masu aminci (kada mutum ya kuskura ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai yake riƙe da ita, balle wadda ake zargin wurin jak ɗinta ya ruɓe), sa'an nan a kwanta da tocila da 'yar guduma da sukundireba. Ƙarfe mai lafiya idan an ƙwanƙwasa shi yakan amsa da ƙara mai tsabta, guduma ta dawo. Wanda ya ci yakan yi ƙara a dushe, ka ji ɓarɓashi yana zuba a cikinsa. Inda ka ga kwaltar da aka shafe ƙarƙashin motar da ita ta kumbura, ka danna da bakin sukundireba. Idan ya nutse, kada ka ji tausayi, ka ci gaba da soka har ka iske inda ya ƙi shiga, ka kewaye wurin da alli. A jikin mota na ƙarfe kuma ka naɗe maganaɗisu da ƙyalle ka bi gefe-gefe da shi: inda ya kama, ƙarfe ne, inda ya sake ya faɗo, an cika wurin da fila, watau abin da ake laɓtawa a shafe lotsawa. A ɗaga shimfiɗar daɓe, a cire katakon ƙasan bango, a sa hannu a taɓa audugar da ke baya a ji ko da laima. A duba bututun birki tun daga gaba har baya, domin na ƙarfe ne siriri, yakan fashe ne daidai lokacin da aka taka da ƙarfi. Maye shi da na gamin tagulla da nikel, irin wanda kamfanin Volvo ya koma amfani da shi tun 1976, aiki ne mai arha wanda yake tsare rai.

Hukumomin Turai ba su bar wannan bincike ga ganin damar mai mota ba. Jamus ta wajabta binciken motoci tun 1951, Ingila tun 1960, kuma a ƙa'idar Ingila idan tsatsa ta raunana ƙarfe a cikin tazarar santimita 30 daga inda aka ɗaure sitiyari ko birki ko sifirin ko ɗamarar kujera, motar ta faɗi, ba ta hawa titi sai an gyara. Wannan ma'auni na santimita 30 ya dace kowane mai gareji ya riƙe shi, ko da babu jami'in da zai tambaye shi.

Idan bincike ya nuna tsatsar ta sama ce, ba ta huda ba, ba ta kuma rage kaurin ƙarfen ƙwarai ba, sai a kankare ta da burushin waya ko injin gurza har farin ƙarfe ya bayyana. Mafi kyau shi ne fesa yashi ko makamancinsa da iska mai ƙarfi, domin shi ne yake shiga 'yan ramukan da burushi yake shafe samansu ya wuce, amma a falanki mai faɗi sai da lura, gama yakan lanƙwasa shi, ƙurarsa kuma tana lalata huhu idan ba a rufe hanci da abin kirki ba. Abin da ya saura a cikin ramuka ana kashe shi da ruwan magani, wanda iri biyu ne: mai asid na fosfarik, wanda yake mayar da tsatsa wani ɓawo mai toka-toka da fenti yake kamawa, da mai tanin, wanda yake mayar da ita baƙa mai shuɗi-shuɗi. Wannan na biyun ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin sinadarin da ke cikin bagaruwar da majema suke jima da ita ke nan, kuma haɗuwarsa da ƙarfe ita take bai wa dukawa baƙin nan na kuloko a kan fata. Sai dai a fahimci iyakar wannan magani: siririn abin da ya rage bayan kankara shi yake juyawa. Wanda ya shafa shi a kan tsatsa mai kauri ya ga ta yi baƙi ya yi murna, ya rufe ƙofa da ɓarawo.

Amma idan ƙarfe ya huje, ko ya yi laushi, to, hukuncinsa ɗaya ne, a yanke. Gwanin fanalbita yakan zana layi nesa da ramin, cikin lafiyayyen ƙarfe, domin abin da ido ya gani kullum bai kai abin da ke ɓoye ba. Ya yanke, ya leƙa ciki, sau da yawa ya tarar falanki na biyu da na uku su ma sun tafi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya fara gyara daga na can ciki ya fito. Yakan ɗora kwali a kan ramin ya goga da yatsa mai baƙin mai har siffar bakin ta fito, ya yanka kwalin, ya ɗora a kan sabon ƙarfe mai kauri daidai da na asali, wanda a jikin mota bai cika wuce milimita 1 ba, a gindi kuwa ninkinsa ko fiye, ya lanƙwasa shi a kan maƙera har ya zauna cikin ramin baki da baki, ba ya hau kai ba, domin duk inda ƙarfe biyu suka hau juna an gina wa ruwa sabon gida. Sa'an nan ya ɗiga walda a kusurwa, ya tsallaka can gefe ya ɗiga, ya dakata ƙarfen ya huce har ya iya ɗora tafin hannunsa, ya sake ɗigawa a tsakani, a haka a haka har ɗigo ya haɗu da ɗigo ya zama layi ɗaya marar yankewa. Za ka ji yana ce wa yaronsa, "Kai yaro, kada ka yi gaggawa, zafi ne yake murɗa falanki," yaron kuma yana tsaye ta ciki da jiƙaƙƙen tsumma da bokitin ruwa yana cewa, "To, maigida." Tsayuwar yaron nan wajibi ce, domin ɗakin mota cike yake da katako da katifa da labule, kafin a kunna wuta lalle a fitar da tukunyar gas, a cire batir, a janye audugar bango, a san inda tankin mai da bututunsa suke. Waldar kabaid da aka saba da ita a garejojinmu tana iya aikin a hannun gwani, illa iyaka tana dumama wuri mai faɗi, tana ƙone fentin da ke bayan falankin, saboda haka idan ba a koma an rufe bayan ba, nan ne tsatsa za ta fara dawowa.

A nan ne nake so in tsaya a kan fila, wadda ita ce babbar fitinar wannan sana'a. An yi ta ne domin shafe ɗan lotsawar da ta rage bayan guduma da walda sun gama aikinsu, kaurin milimita kaɗan, a kan ƙarfe mai tsabta. Ba ta da ƙarfin ɗaukar nauyi ko kaɗan, tana kuma shan ruwa ta baya idan an toshe rami da ita. Duk da haka an sha buɗe gefen mota a tarar an cusa takarda ko ragar waya a rami, an laɓta fila, an goge da sanfefa, an fesa fenti, ƙarƙashi kuma an shafe shi da baƙar kwalta mai kauri domin kada a ga kome. Ƙa'idar Ingila ba ta karɓar fila ko danƙo ko liƙin tagulla a wurin da yake ɗaukar nauyi, tana kuma sharɗanta faci ya kasance an yi masa walda kewaye ba yankewa. Shari'armu ta riga ta yi magana a kan asalin al'amarin: duk ɗalibin da ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaidin al-Ƙairawani a zauren malaminsa ya san cewa algus da ɓoye aibin haja haramun ne, kuma mai saye da ya gano aibin da aka ɓoye masa yana da haƙƙin mayarwa. Aibin mota kuwa ya fi na tufa ko na hatsi nauyi, domin idan mazaunin sifirin ya ɓalle a kan gudu, ba mai saye kaɗai abin zai shafa ba, har iyalinsa da ke kwance a baya da bayin Allah da ke tafe a gefen hanya. Mai motar da ya ce a rufe masa kawai zai sayar, da mai gyaran da ya amsa masa, alhakin yana wuyansu su biyu.

Bayan walda sai rufi, kuma rabin nasarar aikin a nan take. A fara da fentin share fage mai ƙarfi, irin na ifoksi ko mai garin tutiya, a toshe layukan haɗi da danƙon da aka yi domin haka, sa'an nan fenti. Fa'idar tutiya ita ce tana ba da kanta a ci kafin a taɓa ƙarfe, ko da an karce wurin. Wani masani mai suna Humphry Davy ya nuna wannan dabara a 1824 lokacin da ya liƙa guntayen tutiya da ƙarfe a jikin tagullar jiragen ruwan Ingila, Bafaranshe Stanislas Sorel kuma ya yi rajistar hanyar tsoma ƙarfe cikin narkakkiyar tutiya a 1837, wadda da ita ake yin kwanon rufin gidajenmu. Masana'antun mota sun yi jinkirin ɗaukarta: Porsche ta fara lulluɓe dukan jikin motarta da tutiya a 1975, Audi a tsakiyar shekarun 1980, saboda haka yawancin motocin da muke magana a kansu sun fito ba tare da wannan sulke ba. Masu Land Rover da yawa a yau sukan sayi sabon shasi da aka tsoma a tutiya mai zafin kimanin digiri 450 su mayar da jikin a kansa. Sai dai mai walda ya kiyayi hayaƙin tutiya, yana kawo zazzaɓi da ciwon ƙirji.

Cikin ƙarafa rufaffu, inda burushi ba ya kaiwa, ana zura siririyar tiyo a fesa kaki ko maiƙo mai ratsa lungu, irin su Waxoyl da Dinitrol, ko Fluid Film wanda ake yi da maiƙon gashin tumaki. A Jamus akwai wani giris da ake narkawa a fesa da zafinsa. Ana yin wannan ne bayan an gama walda da fenti duka, gama kaki yana kama wuta, fenti kuma ba ya zama a kansa, ana kuma sabunta shi bayan 'yan shekaru. Baƙin man da aka juye daga inji, wanda waɗansu suke fesawa domin arha, ban yarda da shi ba: yana kumbura roba, yana ɗiga ya gurɓata ƙasa da rijiya, ruwan sama kuma yana wanke shi. Kwalta mai kauri ita ma idan ta tsufa takan tsage ta riƙe ruwa a bayanta. Kuma kada a toshe 'yan ramukan da masana'anta ta bari a ƙasan ƙofofi da gindi; an yi su ne domin ruwa ya fita, a riƙa zura musu waya ana buɗewa. A ɗakin kansa a maye audugar gilashi da soso marar shan ruwa wanda ake liƙawa a jikin ƙarfe, a sabunta robar tagogi, a bar kafar iska buɗe lokacin girki da barci.

Wani zai ce mene ne ruwanmu da wannan, mu da muke zaune a ƙasar da hunturunta busasshe ne. Ruwanmu shi ne yawancin motocin da muke hawa, bas-bas da akori-kura da ake kira Beljiyam, waɗanda ake saukewa a Kwatano da Ikko, sun yi shekaru suna wanka da gishirin Turai da Kanada da arewacin Amurka kafin su iso mu, sau da yawa ma faɗuwa binciken can ne ya sa aka sayar da su. Busasshiyar iskarmu tana rage wa tsatsar gudu, amma ba ta mayar da ƙarfen da ya riga ya tafi, mu kuwa sai mu ɗora wa motar lodin da ya ninka ƙa'idarta mu bi da ita hanya mai gargada. Muna kuma da namu sababan: ruwan batir da ke zuba a kan mazauninsa, lakar damina da ke kwana a rumfar taya, takin zamani da gishiri da ake lodawa a kan ƙarfe tsirara, fitsarin shanu a motocin da ke kai dabbobi kudu, da iskar teku ga wadda take zama Ikko ko Fatakwal.

Akwai kuma matsayin da gyara ya zama ɓarnar dukiya. Idan dogayen ƙarafan shasi sun ruɓe a wurare da yawa, ko mazaunin sitiyari da na sifirin sun tafi gaba da baya, kuma babu halin sayen wani shasin, to, a cire inji da giya da kayan ɗaki a sayar, a miƙa gangar jikin ga 'yan gwangwan. Motar da Bature mai sha'awa zai yi shekaru yana farfaɗowa a garejin gidansa domin ƙauna, ba lalle ne ta dace da mai neman abinci da ita ba.

Kirana ga mai niyyar sayen tsohuwar mota, mai ɗaki ce ko ta haya, shi ne kada ya biya ko kwabo sai an ɗora ta a kan rami ya shiga da kansa, ko ya tura wanda ya amince da shi, da tocila da guduma da maganaɗisu, dillalin da ya hana a ƙwanƙwasa kuwa a bar masa motarsa. Shugabannin ƙungiyoyin kanikawa da masu walda da fenti kuma, ina roƙonsu su sanya wa 'ya'yansu doka cewa ba a toshe rami da fila a inda ƙarfe yake ɗaukar nauyi, kome abin da mai mota zai bayar, su kuma koya wa yaran da ke hannunsu su riƙa kiran mai mota ya ga abin da aka yanke da idonsa kafin a rufe.